Wedge Antilles: matuƙin da bai mutu ba, da rigimar wane tarihinsa ne na gaskiya

Tun watan Afrilun 2025 da kamfanin Lucasfilm ya sanar a taron masoyansa na Japan cewa zai fito da sabon fim mai suna Star Wars: Starfighter, Ryan Gosling ne jarumi, Shawn Levy ne darakta, har an sa ranar fitowa 28 ga Mayun 2027, wata tsohuwar tambaya ta sake tasowa a tsakanin 'yan kallo: toh ina Wedge? Wanda bai daɗe da fara kallon Star Wars ba sai ya ce waye kuma Wedge, in ko ya kuskura ya tambaya nan kansa zai ƙara ɗaurewa, don wani zai ce masa ai janar ne, matarsa Iella, 'ya'yansu biyu mata, wani kuma ya ce ƙarya ne matarsa sunanta Norra, wani ya ce maraya ne da ya shiga tawaye bayan mutuwar iyayensa, na huɗu ya ce a'a, ɗalibin makarantar sojan Daula ne, wato gwamnatin danniyar da 'yan tawayen suke yaƙa, ya gudo. Abin da zai ba ka mamaki, duk cikinsu babu wanda ya ƙirƙira daga kansa, kowa a wani littafi ko katun na kamfanin ya gani. Matsalar ta samo asali ne daga wani hukunci da kamfanin ya yanke a 2014, amma kafin a kai can sai an fara sanin mutumin.

Waye shi a cikin fina-finan

Wedge Antilles matuƙin ƙaramin kumbon yaƙi ne a ɓangaren 'yan tawaye, irin kumbon nan mai fukafukai huɗu da suke buɗewa kamar harafin X, shi ya sa ake ce masa X-wing. In ka haɗa duk fitowarsa a fina-finai ukun farko, na 1977 da na 1980 da na 1983, 'yan mintuna ne kawai, mafi yawa ma fuskarsa ce cikin hular kwano yana magana ta rediyo. Ba shi da takobin haske, ba shi da wata baiwa ta ɓoye, ba ɗan sarauta ba ne, babu wanda ya taɓa ce masa shi ne zaɓaɓɓe. Ma'aikaci ne dai.

A fim na farko, wanda George Lucas ya fitar ranar 25 ga Mayun 1977, 'yan tawaye sun kai hari kan Death Star, wata tashar yaƙi mai girman ƙaramin wata wadda take iya tarwatsa duniya sukutum. Kumbo 30 suka tashi, guda uku suka dawo, sai na Han Solo, ɗaya daga cikin manyan jaruman, da ya shigo daga baya. Kowane matuƙi yana da lambar kira, Wedge shi ne Red Two, Luke Skywalker, jarumin fim ɗin, Red Five. Ana tsaka da artabu wani jirgin abokan gaba ya manne wa Luke a baya ya kasa kakkaɓe shi, Wedge ne ya taho masa gaba da gaba ya fasa shi, ya ratsa ta cikin wutar. Da a ce bai yi haka ba toh babu sauran labari, fim ya ƙare tun a nan. Daga baya su uku suka shiga wani dogon kwararo a jikin tashar, Luke a gaba, Wedge da Biggs Darklighter suna tsare masa baya, Darth Vader, bos ɗin fim ɗin, na biye da su. Aka harbi kumbon Wedge, ya ce ba zai iya ci gaba ba, Luke ya ce masa ya fita kawai babu abin da zai iya ƙarawa, ya ba da haƙuri ya ja sama. Biggs, abokin Luke tun na yarinta, shi ya tsaya, bayan 'yan daƙiƙu Vader ya kashe shi.

Duk wanda ya tashi da kallon fina-finan Indiya da na Chana ya san dokar: abokin akta baya kai ƙarshen fim, dole bos ya kashe shi don ran akta ya ɓaci. Biggs ya cika wannan dokar. Jek Porkins ma, mai ƙibar nan Red Six, tun farkon harin ya tafi. Shugaban tawagar ya tafi. Wedge ne kawai dokar ta tsallake.

A fim na biyu a duniyar ƙanƙara ta Hoth, shi da maharbinsa Wes Janson ne suka naɗe ƙafafun wata ƙatuwar motar yaƙi mai tafiya kamar raƙumi da igiya har ta kifa. A na uku ya zama shugaban tawaga, ya shiga cikin Death Star ta biyu tare da Lando Calrissian, abokin Han, shi ya fasa na'urar daidaita wuta, Lando ya fasa babban injin, suka fito da gudu wuta na bin su. Luke bai tuƙa kumbo a wannan harin ba, Han kuma yana ƙasa cikin daji, shi ya sa ake cewa a fina-finan Wedge ne matuƙin da aka nuna ya shiga hare-haren biyu ya kuma fita da ransa. Sunan da ya yi kenan, babu ƙari.

Wani ƙaramin ruɗani da ya kamata a kawar tun yanzu: akwai Kyaftin Antilles, wanda Vader ya shaƙe a farkon fim ɗin 1977, wannan wani mutum ne daban, suna ne kawai ya zo ɗaya.

Fuska biyu, murya ta mutum na uku

Ruɗanin Wedge tun a wurin ɗaukar fim ya fara, shekaru kusan 40 kafin kamfani ya ƙara nasa. In ka sake kallon fim ɗin farko ka lura da sin ɗin da Janar Dodonna yake yi wa matuƙa bayanin harin, yana cewa ramin da za a jefa bam ɗin faɗinsa mita 2 ne kacal. Wani saurayi da ke zaune gefen Luke ya ce wannan ko kwamfuta ba za ta iya ba, Luke ya ce ai shi a gida yana harbin wasu ɓeraye da ba su wuce haka ba. Wannan saurayin a rubuce Wedge ne, ɗan wasan kuma Colin Higgins. Amma da aka koma cikin kumbo sai ga wata fuska daban, ta Denis Lawson. Higgins ya sha wahala da haddar layukansa, aka sallame shi, aka kawo Lawson, sin ɗin da aka riga aka ɗauka kuma aka bar shi a haka tunda sake tara mutane kuɗi ne.

Me ya sa mutane da yawa ba su lura ba? Hular kwano ta taimaka, amma babban dalili murya ce. A Ingila aka ɗauki fim ɗin, yawancin ƙananan 'yan wasan mazauna can ne, shi kuma Lawson ɗan Sikotilan ne, sai aka sa wani Ba'amurke mai suna David Ankrum ya ɗora muryarsa a kan su biyun. Wanda ya saba da fina-finan Indiya da ake ɗora wa Hausa ya san yadda abin yake, in muryar ɗaya ce kunne baya barin ido ya yi bincike. Ko Vader ɗin ma haka aka yi masa, jikin David Prowse, muryar James Earl Jones. Ƙarin abin dariya, a jerin sunayen ƙarshen fim an ƙara wa sunan Lawson harafin n ɗaya, aka rubuta Dennis.

Masoya suka laƙaba wa na Higgins suna Fake Wedge, wato Wedge na bogi, sunan ya bi shi shekara da shekaru. Sai a 2017, da ake bikin cikar fim ɗin shekara 40, aka fitar da wani littafin gajerun labarai 40 mai suna From a Certain Point of View, a ciki marubuci Jason Fry ya ce wancan saurayin wani matuƙi ne daban mai suna Col Takbright, wai abokan aikinsa suna tsokanarsa da Wedge na bogi saboda suna kama. Kaga an ɗauki kuskuren aiki an ɗinke shi ya koma labari. A riƙe wannan misalin, don shi ne yadda kamfanin yake tafiyar da abubuwansa gaba ɗaya.

Shi Lawson ɗin, kawu ne ga Ewan McGregor, ɗan'uwan mahaifiyarsa ne, McGregor kuma shi ya fito a matsayin Obi-Wan Kenobi, malamin Luke, a fina-finan Star Wars da aka fara daga 1999.

Kanon da Legends, me ake nufi

Kalmomi biyu ne suke yawo a duk wannan gardamar. Ta farko kanon, wato labaran da kamfani ya sa wa hannu ya ce waɗannan su ne abin da ya faru a duniyar Star Wars, duk wanda zai rubuta sabon abu dole ya yi la'akari da su, in an ce wane ya mutu a kanon toh ba ka da ikon dawo da shi yana shan shayi ba tare da bayani ba. Ta biyu Legends, tambarin da aka liƙa wa tsofaffin littattafai da mujallun zane da gem-gem da aka yi kafin 2014, ma'ana suna nan ana sayarwa, ana karantawa, amma ba a ɗaure sabbin marubuta da su ba.

Duka biyun ƙagaggu ne, wannan ba sai an faɗa ba. Kanon bai fi Legends zama gaskiya ba ta fuskar cewa wani abu ya auku, bambancin kawai wane ne za a ci gaba da gini a kansa. Kamar fili ne mai takardu biyu, duk an buga musu hatimi a ofis ɗaya, daga baya ofishin ya ce ta biyun ce kawai yake aiki da ita.

Kafin 2014 ma ba a daidai ake ɗaukar komai ba. Akwai wani ma'aikacin Lucasfilm, Leland Chee, da yake riƙe da wata ma'adanar bayanai mai suna Holocron, a ciki an jera matakai: na sama shi ne abin da ya fito daga Lucas kansa, wato fina-finan, sai na talabijin, sai na littattafai da mujallu, sai tsofaffin abubuwan da ake ɗauka in an ga dama, sai waɗanda ba a lissafa su sam. In na ƙasa ya ci karo da na sama, na sama ne ke cin nasara. Toh kusan duk rayuwar Wedge a mataki na uku take zaune, tun asali a kan aro take.

Yadda littattafai suka mayar da shi babban mutum

Bayan 1983 fina-finai suka tsaya, shekara 16 babu sabo. A 1991 Timothy Zahn ya fitar da Heir to the Empire, littafin ya hau saman jerin waɗanda aka fi saye na jaridar New York Times, nan kamfani ya gane cewa ashe akwai kasuwa. Littattafai suka fara zuba kamar ruwan Agusta.

Amma marubuci yana da matsala da manyan jaruman, Luke da Han da gimbiya Leia. Ba nasa ba ne, ba zai iya kashe su ba, ba zai iya sauya musu hali sosai ba, mai karatu ma ya san duk wuyar da suka shiga za su fita. Wedge kuwa suna ne da fuska da kowa ya sani amma babu tarihi, ba a san iyayensa ba, ba a san me yake so ba, ba a san ko yana da budurwa ba, fili ne fetal a tsakiyar gari. Ƙanƙantarsa ita ce jarinsa. Kamfanin Dark Horse ya fara mujallar zane ta X-wing Rogue Squadron a 1995, sannan a 1996 Michael A. Stackpole ya fara jerin littattafan X-wing, Aaron Allston ya karɓa a 1998, jimilla suka kai 10, na ƙarshe ya fito a 2012.

A cikin waɗannan ne aka ce shi ɗan duniyar Corellia ne kamar Han Solo, iyayensa suna da tashar shan mai ta kumbuna, 'yan fashi suka jawo gobarar da ta kashe su yana matashi. A nan ya zama kwamandan tawagar Rogue da ta taimaka wurin ƙwato Coruscant, babban birnin Daula, ya kafa wata tawagar ta matuƙan da kowa ya gaji da su mai suna Wraith, ya kai janar, ya auri jami'ar leƙen asiri Iella Wessiri, suka haifi Syal da Myri. Littattafan sun fi kama da labarin barikin soja: jadawalin aiki, ƙarancin kayan gyara, wasiƙar ta'aziyya da kwamanda zai rubuta wa iyayen yaron da ya mutu jiya. Wannan ya dace da asalin inda Lucas ya ɗauko yaƙin kumbunan, don hotunan jiragen Yaƙin Duniya na Biyu ya riƙa haɗawa yana nuna wa ma'aikatansa, harin kwararon nan kuma ana danganta shi da tsofaffin fina-finan yaƙi na Ingila irin The Dam Busters na 1955. Su marubutan sai suka bi wannan jijiyar, suka bar ta masu takobi.

Mutum ya yi shekara 18 yana bin wannan Wedge ɗin, ya sayi littafi bayan littafi, ya san sunan 'ya'yansa. A nan zafin abin yake.

Hukuncin 25 ga Afrilun 2014

Ranar 30 ga Oktoban 2012 aka sanar cewa Disney ya sayi Lucasfilm kan dala biliyan 4.05, tare da alƙawarin sabbin fina-finai da za su ɗora daga inda na 1983 ya tsaya. Matsalar ita ce wannan lokacin duk littattafai sun riga sun cike shi. An aurar da Luke, an ba Han da Leia 'ya'ya uku, an yi yaƙe-yaƙe na shekaru gommai, har Chewbacca, abokin tafiyar Han, an kashe shi a wani littafi na 1999. Darakta yana da zaɓi biyu kenan, ko ya bi duk wannan ya yi fim ɗin da mai shiga sinima ba zai fahimta ba sai ya karanta tulin littattafai, ko a share allo. Aka share. Sanarwar 25 ga Afrilun 2014 ta ce fina-finai shidan da aka yi zuwa lokacin da katun ɗin The Clone Wars su ne kanon, duk abin da zai fito daga yanzu kuma, fim ne ko littafi ko gem, matsayinsu ɗaya, akwai kwamitin labari da zai riƙa duba su, sauran na baya sun koma Legends.

Ga Luke wannan ragi ne, amma fina-finansa suna nan. Ga Wedge kuwa kusan komai ne ya tafi, aka mayar da shi 'yan mintunan nan nasa na cikin hular kwano.

Wedge na biyu

Ba a bar shi haka ba, an sake gina shi, sai dai da wani tubalin. Littattafan Aftermath guda uku na Chuck Wendig, daga 2015 zuwa 2017, sun nuna shi an kama shi yana leƙen asiri a kusa da duniyar Akiva, a nan ne labarinsa ya haɗu da na wata matuƙiya Norra Wexley, wadda daga baya ta zama matarsa. A 2016 katun ɗin Star Wars Rebels ya nuna ƙuruciyarsa: ɗalibi ne a makarantar matuƙan Daula ta Skystrike, zuciyarsa ta ƙi aikin, wata 'yar tawaye mai suna Sabine Wren ta shiga a ɓoye ta fito da shi tare da abokinsa Hobbie. Corellia dai an bar masa ita. Littafin Resistance Reborn na 2019 ya same shi ya yi ritaya a Akiva, aka je aka taso shi.

Shi Lawson bai fito a The Force Awakens na 2015 ba duk da an neme shi. Ya dawo a The Rise of Skywalker na 2019, fitowar daƙiƙu kaɗan, da furfurarsa yana zaune a kujerar maharbi a kumbon da Lando yake tuƙawa, ya yi magana layi ɗaya shikenan. Ga wani abu da ke nuna yadda sabon tsarin yake aiki da kuma inda yake ɗingishi. 'Yan mintuna kafin wannan fitowar, an harbo wani matuƙi mai gemu da ake kira Snap, wanda Greg Grunberg ya fito a matsayinsa. A littattafai Snap shi ne Temmin Wexley, ɗan Norra, wato agolan Wedge, yaron da ya koya wa tuƙi. Fim ɗin bai ce uffan a kan wannan ba. Wanda ya karanta littafi yana kallon uba ya iso filin yaƙi bayan an kashe masa ɗa, wanda bai karanta ba yana kallon wani tsoho ne kawai da mutanen sinima suka yi wa tafi bai san dalili ba.

Me kowane ɓangare yake cewa

Masu goyon bayan hukuncin suna cewa tsohon tsarin ya riga ya yi nauyi, labarai suna karo da juna, ingancinsu ma ba ɗaya ba, kuma Lucas da kansa bai taɓa ɗaure kansa da littattafan ba, in ya ga dama yana taka su ya wuce. Suna ƙarawa da cewa ba a ƙona komai ba, littattafan suna kasuwa, tun 2021 ma ana sake buga wasunsu da sabon bango har da na X-wing, sannan abin da ya yi kyau ana ɗebowa, babban misali Thrawn, mugun da Zahn ya ƙirƙira a 1991, ya dawo a Rebels a 2016, ya kuma fito da ɗan wasa na gaske a Ahsoka a 2023.

Masu adawa kuma ba wai suna cewa a yi fim da littattafan dole ba, da yawansu abin da suke nema a ci gaba da rubuta Legends ɗin a gefe, layi biyu su tafi tare kamar yadda kamfanonin mujallun zane suke yi. A 2016 har kuɗi wasu suka haɗa suka kafa allon talla a San Francisco, garin da hedikwatar Lucasfilm take, suna roƙon haka. Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce an tsayar da labarin a tsakiya, akwai zaren da ba a ƙulle ba. Ta biyu kuma, alƙawarin cewa yanzu komai matsayinsa ɗaya bai cika yadda aka faɗa ba, don in fim ko siris ya zo da wani abu da ya saɓa wa littafi ko mujalla, na allo ne yake tsayawa, wato tsohon matakin nan ya dawo ta taga.

In aka auna, kowane ɓangare yana da inda ya fi gaskiya. Ta fuskar yin fim, da wuya a ga yadda za a yi ba a share allon ba. Ta fuskar ƙananan mutane irin Wedge kuwa, masu adawa sun fi kusa, don sabon Wedge ɗin a warwatse yake, ɗan guntu a katun, ɗan guntu a littafin da ba shi ne jigo ba, ɗan guntu a gem ɗin Squadrons na 2020 inda Lawson ya yi muryar, babu wani dogon aiki guda da aka gina a kan tawagarsa kamar na da. Damar da ta fi kusa ita ce fim ɗin Rogue Squadron da aka sanar a Disambar 2020, Patty Jenkins za ta ba da umarni, aka sa masa Disambar 2023, daga baya a 2022 aka cire shi daga jadawali.

Akwai ɓangare na uku da ba su cika surutu ba, masu cewa kalmar kanon ta ma'aikatan kamfani ce, su ne take hana wa yin karo da juna, mai karatu babu ruwansa, ya karanta wanda ya yi masa daɗi.

Abin da ya shafi mai kallo, mai saye, da ƙananan 'yan wasa

Ga wanda fim kawai yake kallo, a waya ko a talabijin, babu abin da ya canja, Wedge na fina-finai ukun farko ɗaya ne a duka tsarin biyu, gardamar duk a kan abin da ya faru kafin da bayan ne.

Ga mai sayen littafi ko mai saukewa a intanet, a nan ake asarar kuɗi da data. Alamar mai sauƙi ce, bugun da aka yi bayan 2014 na tsofaffin labarai yana da wani zirin ruwan zinare a saman bango an rubuta Legends. Tsohon bugu na hannu ba shi da wannan zirin, toh sai a duba shekarar da aka fara buga shi, in littafin labari ne da ya fito kafin Satumbar 2014 kusan tabbas Legends ne, don A New Dawn na John Jackson Miller da ya fito a wannan watan shi ne na farko a sabon layi. Haka in kana bincike a kan wani suna, galibi za ka tarar da bayani kashi biyu, ka duba wanne kake karantawa kafin ka shiga musu da wani.

Sai ɓangaren da ba a cika kawowa ba, su mutanen da suka sa hular kwanon. A Rogue One na 2016 an tono tsofaffin hotunan da aka ɗauka a shekarun 1970 ba a yi amfani da su ba, aka gyara su aka saka shugabannin tawagogi biyu, Red Leader da Gold Leader, a cikin sabon yaƙi. Angus MacInnes mai Gold Leader ya shiga situdiyo ya ɗora sabbin layuka. Drewe Henley mai Red Leader kuwa ya rasu a farkon wannan shekarar kafin fim ɗin ya fito. A fim ɗin ne kuma aka dawo da fuskar Peter Cushing da kwamfuta, mutumin da ya rasu tun 1994. Har wani Red Five aka nuna an harbo shi, don a bayyana dalilin da ya sa lambar take babu mai ita lokacin da Luke ya zo. Masu kallo sun ji daɗi, amma tambayar da ta biyo baya ita ce fuskar wa ce, ta ɗan wasan da aka biya kuɗin 'yan kwanaki shekara 40 da suka wuce, ko ta kamfani? Wannan batun na kwafin fuska da murya yana cikin manyan abubuwan da suka sa ƙungiyar 'yan wasan Amurka ta shiga yajin aiki daga Yuli zuwa Nuwamban 2023, yarjejeniyar da aka cimma kuma ta tanadi neman izini da biyan kuɗi kafin a yi amfani da irin wannan kwafin. Manyan jarumai suna da lauyoyi tun da can, ƙananan ne irin masu zama a kumbo su faɗi layi uku a harbe su wannan tanadin ya fi yi wa amfani.

Game da Starfighter ɗin da ya tayar da maganar, abin da kamfanin ya faɗa shi ne labarin zai faru ne kimanin shekara 5 bayan The Rise of Skywalker, labari ne mai zaman kansa, da sabbin mutane. A lissafin kanon Wedge ya fita daga yaƙin ƙarshe da ransa, wannan karon ma, kuma in an ambace shi toh mijin Norra ne ba na Iella ba. Denis Lawson an haife shi a Satumbar 1947, ranar da aka sa wa fim ɗin zai kasance yana da shekara 79.